Hidaya, 'Yar Shui ta Unguwar Faisal

A matakalar benenmu na fara ganin Hidaya, a shekarar 2016, satin da muka tare a Faisal. Maigidana, Malam Harun, ya zo digiri na uku a Azhar, hayar unguwar Abbasiya a Alƙahira kuma ta fi ƙarfinmu, shi ya sa muka tsallako Giza. Na ɗauko cefane, na tsaya a hawa na huɗu ina haki, sai wata mata 'yar gajera, fara, sanye da hijabi ruwan toka, ta buɗe ƙofar da ke kallon tamu ta ce, "Sannu da ɗawainiya. Kawo in kama maki."

Na tsaya ina kallonta. Fuska ta 'yan Sin, baki kuwa na Zamfara. Ta lura, ta yi murmushi ta ce kowa haka yake yi mata ranar farko. Mijinta, Malam Abdulhadi, mutumin Gusau ne, a bakinsa ta koyi Hausa, shi ya sa har yau "mi" take cewa, ba "me" ba.

Matan Hausawan Alƙahira suna ce mata Hidaya Caina. Ba ta hana kowa, amma da muka saba ta gaya mini cewa ko a can ƙasar Sin baƙuwa ce a birni. Mutanenta ƙabila ce ƙarama da ake kira Shui, su kuma a bakinsu Sui suke cewa. Suna zaune a duwatsun lardin Guizhou, a gundumar Sandu, da harshensu daban da na sauran 'yan Sin. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Pan Yulan. Gidansu na katako ne a kan dirkoki, dabbobi a ƙasa, mutane a sama. Gonakin shinkafa hawa-hawa suke a jikin dutse, kuma a cikin ruwan gonar ake kiwon kifi. Ta ce tana yarinya ba ta san akwai garin da ake yin wata guda ba a yi ruwan sama ba.

Tana da shekara goma sha tara ta tafi Guangzhou neman aiki, kamar yawancin sa'o'inta. Ta yi ɗinki a masana'anta, daga baya ta koma tsaron shago a kasuwar da 'yan Afirka ke sarin kayan waya. A nan ta haɗu da Abdulhadi, wanda ya taɓa karatun Larabci a Alƙahira kafin ya shiga fatauci. Ta musulunta, aka ɗaura musu aure a 2011. Bayan shekara uku aka ƙi sabunta masa biza, suka rasa inda zai karɓe su su biyu cikin sauƙi, sai suka taho Masar. Ya kama yi wa marasa lafiyan da ke zuwa daga Najeriya tafinta a asibitoci.

Mahaifinta bai halarci auren ba. Shui suna da wani tsohon rubutu nasu, wanda maza ƙalilan ne suka iya karantawa, uba ya koya wa ɗa. Ba a aure, ba a kafa gida, ba a binne mamaci sai an je wurin mai littafi ya duba ranar da ta dace. Mahaifin Hidaya yana cikin waɗannan mutane. Daga ƙauyuka da dama ake zuwa wurinsa, kuma shi ya tsayar wa kusan duk ƙawayenta ranar aure. Da ta kira ta ce tana son ya tsayar mata da tata, sai ya ce littafinsa ba shi da ranar wannan aure. Tun daga nan bai sake karɓar waya daga hannun kowa don ya gaisa da ita ba.

Mahaifiyarta dai ba ta sake ta ba. Tsohuwar ba ta karatu, harshen birni ma kaɗan take ji, amma duk sati sai ta sa ɗanta, wan Hidaya, ya danna mata waya ta yi magana a aika. Sau da yawa ina zaune a falonsu Hidaya za ta kunna saƙon, in ji murya siririya tana hawa tana sauka, da carar zakara a bayanta. In tambaye ta me ta ce, ta ce, "Ba komi. Ta ce an yi shuka, saniya ta haihu, gwiwarta na ciwo." Sai ta sake kunnawa.

A watan Maris na 2017 Hidaya ta haihu, bayan shekara shida da aure. Mace aka samu, aka sa mata sunan mahaifiyar Abdulhadi, Fatimatuzzahra, muna kiranta Ummi. Ni na koya wa Maman Ummi goyo da zani. Ta iya da wuri, amma kullum sai ta ce na wucin gadi ne, abin goyonta na gaske yana hanya. A al'adarsu, idan mace ta yi haihuwar fari, uwarta ce ke kawo mata abin goyo, kuma sau ɗaya ake yi wa mace a rayuwarta. Ta nuna mini hoton irinsa: faffaɗa ne, mai ƙarfi kamar allo a baya, da dogayen maɗaurai biyu, an cike shi da surfani. Da gashin izgar doki ake yin aikin. A ɗauki sili uku ko huɗu na farin doki, a naɗe su tamau da farin zaren siliki har su zama igiya siririya, a kwantar da ita a kan zanen, a ɗinke, sannan a cike tsakiya da zare mai launi. Mai lafiyar ido takan shekara a kan guda ɗaya. Ita kuwa tsohuwa yanar ido ta fara rufe mata gani, sai rana ta take sosai take iya zura allura.

Ummi ta yi zama, ta yi rarrafe, ta fara tafiya, abin goyo bai ƙare ba. Suka yanke shawara da tsohuwar cewa ba za a aiko shi ba. Hidaya za ta je da kanta, a lokacin bikin Duan na 2019, ta karɓa hannu da hannu.

Duan shi ne bikin sabuwar shekararsu, bayan girbin shinkafa, wajen watan Oktoba. Ƙauyuka ke yin sa bi da bi, har ya ɗauki kusan wata biyu, ana kaɗa gangar tagulla, samari suna sukuwa a kan tudu. Abin da ya sa Hidaya ta zaɓi wannan lokaci shi ne, a jajiberin bikin da safiyarsa ba a cin nama a gidan Shui, sai kifi. Tun da ta musulunta take tunanin yadda za ta zauna a gidan da ake girki da man alade, ta ware kwanonta, uwarta tana kallo. "Ranar nan guda," in ji ta, "duk abin da ta dafa zan ci. Ba sai na ce mata a'a ba."

Sun gama shiri, takardar izinin zamansu ta Masar ta fito, saura sati biyar, aka kira daga Gusau cewa mahaifiyar Abdulhadi ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, tana ta kiran sunan takwararta da ba ta taɓa gani ba. Abdulhadi bai tilasta wa matarsa ba, ni shaida ce. Hidaya ce da kanta ta ce su tafi Gusau, Duan yana nan baɗi. Suka yi wata biyu a can, Hajiya ta samu sauƙi, har yanzu tana raye.

Baɗin ya zo da korona. Ƙasar Sin ta rufe ƙofa, jirage suka yi ƙaranci, wanda aka samu kuma sai a ce an soke. Shekarar ta wuce, wadda ta biyo ta ma ta kama hanyar wucewa. Duk Oktoba Hidaya takan sayo kifin bulti a kasuwa, ta tsaga, ta cusa masa kurrat, ganyen nan dangin lawashi da Misirawa ke sa wa ƙosansu na ta'amiyya, da citta da barkono, ta ɗaure da zare saboda babu karan shinkafa, ta turara tun safe har la'asar. Ta aiko mana da namu. Ta ɗauki hoto ta aika gida, tsohuwa ta aiko da murya tana dariya, wai kifin Masar ƙaton kai gare shi.

Wata Talata a watan Nuwamba na 2021, da hantsi, ina shanya a baranda, na ji an ƙwanƙwasa. Hidaya ce, ba hijabi, abin da ban taɓa gani ba. Ta miƙo mini wayarta kamar zan iya karanta abin da ke ciki.

"Maman Ummi, lafiya?"

"Inna ta tafi," ta ce. "Ta je ɗebo ganye a bayan gida, ta zauna, ba ta tashi ba."

Na jawo ta ciki na zaunar. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Tambayata take yi ko ta bar tukunya a wuta.

Kwana goma sha ɗaya gawar ta yi kafin a binne, don ranar da mijin marigayiyar ya gani a littafinsa ke nan. A wurinsu dangin mamaci ba sa cin nama sai an rufe shi. Hidaya ta kiyaye wannan a hawa na huɗu a Faisal, ba wanda ya sa ta, ba wanda zai gani. Matan Hausawa suka zo gaisuwa daga Abbasiya da Madinat Nasr, suka cika falon. Da yawansu bakinsu ya saba, sai su fara "Allah Ya ji..." su tuna, su haɗiye sauran, su ce Allah Ya ba da haƙuri. Tana jin duk inda aka yanke maganar.

A rana ta huɗu ta ce in raka ta wurin Malam Harun. Ta zauna daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, ina da tambaya. Zan iya roƙa wa uwata gafara?"

Maigidana ya gaya mata abin da ya karanta, bai ɓoye ba: malamai ba su ba da damar nema wa wanda ya rasu a wajen Musulunci gafara ba. Amma ya ce wanda saƙo ya isa gare shi da wanda bai isa ba, Allah ne kaɗai Ya sani, kuma ba Ya zaluntar kowa. Ya ce hawayenta ba laifi ba ne, kuma haƙƙin mahaifinta yana nan a kanta.

Ta gyaɗa kai. "Ita abin da ta sani game da Musulunci guda ne," ta ce a hankali. "Shi ne abin da ya tafi da ɗiyarta. Kuma ko sau ɗaya ba ta zage shi ba."

Bayan ta fita na ga Malam ya cire tabarau yana goge ido.

Abdulhadi ya rame a watannin nan fiye da ita. Ya riƙa cewa da ya sani da shi kaɗai ya tafi Gusau. Wata rana a gabana ta ce masa, "Baban Ummi, halas. Ni na ce mu tafi. Kada ka sa in riƙa lallashinka, ba ni da ƙarfin haka." Bai sake tayar da maganar ba.

A tsakiyar 2022 ƙunshi ya iso ta kago, daga wanta. Ta kira ni muka buɗe tare. Abin goyon ne, naɗe cikin baƙin ƙyalle mai ƙamshin hayaƙin itace. A tsakiyarsa akwai ƙaton malam-buɗe-littafi, wanda ta ce a tatsuniyarsu shi ya buɗe fukafukai ya yi wa wani jariri inuwa a gona lokacin da rana ta so kashe shi. Fiffike ɗaya ya cika, ɗayan an kai rabi. Allurar tana soke a inda aka tsaya, da guntun zare a jikinta. Ummi, wadda ta shekara biyar a lokacin, ta leƙo ta tambaya da Larabcin Masar ko sallaya ce. A nan ne Hidaya ta kifa fuskarta a kan ƙyallen ta yi kukan da ba ta yi ba wata bakwai.

Bayan sati biyu ta ce za ta ƙarasa shi. Ta koya tana yarinya, hannunta bai manta ba, zaren siliki kuma akwai a kasuwar Ataba. Gashin doki ne babu. Muka hau ƙaramar bas zuwa Nazlatus Samman, unguwar masu dawakin da ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a gindin dalar Giza. Mutum uku suka kore mu, sun ɗauka sihiri za mu yi. Na huɗun wani dattijo ne, Ammu Mu'tasim, mai farar goɗiya. Hidaya ta buɗe ƙyallen ta nuna masa, ta yi masa bayani da Larabcinta mai tsalle-tsalle. Ya shafa aikin da bayan yatsa, ya tambaya ko mai ɗinkin tana raye. Da ta ce a'a, ya shiga ya ɗauko almakashi, ya yanko mata daga ƙarƙashin izgar inda ba za a lura ba, ya ƙi karɓar komai.

Wata goma sha huɗu ta yi a kansa, a baranda, bayan ta kai Ummi makaranta. Wani lokaci ta warware aikin sati guda don bai yi daidai da na tsohuwa ba. A wannan zaman ne ta gaya mini wani abu da ke damunta. Wanta da harshen birni yake mata magana, 'ya'yansa ma haka. Ummi ta ƙi koyon ko gaisuwa. Tun rasuwar uwarta ba ta yi hira da kowa da harshen Shui ba, har ranar nan ta nemi sunan wani tsuntsu da ke sauka a gonarsu ta rasa.

Da aka buɗe hanya, ta tafi da Ummi a Oktoban 2023. Shekara goma sha biyu rabonta da gida. Abin da ya faru a can daga bakinta na ji, bayan ta dawo.

Ta tarar an kulle gidan katako, tsohon yana zaune da ɗansa a bene a cikin garin Sandu. Ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi. Littattafansa ya ba masu adana kayan tarihi, saboda ɗansa direban babbar mota ne, bai koya ba. Ranar da ta isa ya dube ta, ya dubi yarinyar, ya ce su ci abinci. Iyakar maganar ke nan har kwana uku.

A jajiberin Duan suka koma ƙauye, aka buɗe gidan, aka share. Matar wanta ta turara kifi. Aka jera wa magabata nasu a kan tebur, Hidaya ta ja gefe ta tsaya da 'yarta, ba wanda ya hana ta. Da aka zauna cin abinci ta ci duk abin da aka zuba mata. Ta ce kifin ya yi daɗi, amma gishiri ya yi yawa, kuma ta kasa ɗaga ido ta kalli kujerar mahaifiyarta da ke kusa da murhu.

Da safe ta shimfiɗa abin goyon a gaban mahaifinta. Ya bi shi da yatsa tun daga sama, ya zo daidai inda allurar matarsa ta tsaya, ya dakata. Ya ce da harshen Shui, "Daga nan hannunki ne."

Ta ce e.

"Gashin dokin ƙasarku ya fi kauri."

Ta ce wannan kalma ta "ƙasarku" ta fi mata ciwo a kan shirun shekara goma sha biyu. Amma bayan haka ya tambaye ta ranar da aka haifi Ummi, da sa'ar. Ya lissafa da gaɓoɓin yatsunsa, ya nemi takarda, ya zana waɗansu alamomi guda shida, ya ninke ya sa a aljihun yarinyar. Hidaya ta tambaye shi abin da ya rubuta. Ya ce ranar haihuwarta ce kawai, don a san ta a gidan. Ranar da za su taho ya rako su har bakin titi, ya tsaya riƙe da sanda har motar ta sha kwana.

Ya rasu a watan Afrilu na 2024. Wani tsoho daga ƙauyen gaba aka ɗauko ya duba ranar binne shi. Hidaya ba ta je ba. Ta ce ba ta son ta sake ganin an buɗe gidan an kuma kulle shi.

Yanzu tana aiki a wani gidan abincin Musulmin Sin a Abbasiya, inda ɗalibai ke cin taliya. Tana fita da sassafe, ta dawo bayan la'asar. Ta ce su ma masu wurin ba su taɓa jin sunan ƙauyensu ba, amma suna da kirki. Ummi tana aji uku, in ta buɗe baki ba ka raba ta da 'ya'yan bawwab, mai gadin gidanmu.

Malam Harun ya kammala a bana, mun fara ɗaure kaya za mu koma Haɗeja. Ranar Juma'ar da ta wuce Hidaya ta shigo taya ni naɗe kwanuka a jarida. Muna cikin aiki ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Maman Ishaq, na yi wa Baban Ummi wasiyya. In na mutu nan, kada ya wahalar da kowa da jirgi. A kai ni maƙabartar Sitta Oktoba, inda ake kai 'yan Najeriya."

Na ce ta daina irin wannan magana, Allah Ya ba ta tsawon rai.

"Amin," ta ce. "Amma gara a sani. Can gida ba wanda zai tambayi inda aka sa ni."

Ta ɗauki wani kwano ta juya shi, ta ce wannan ya tsage, kada in ɗauke shi har Najeriya. Na ce ta ajiye shi gefe. Muka ci gaba da naɗewa har aka kira sallah.